Yadda Aka Sa Wa Iska Linzami

A Ingila ta farkon ƙarni na 19, duk matafiyin da ya iso shingen karɓar kuɗin hanya, dawakinsa ake ƙirgawa. Mai doki ɗaya ya biya na ɗaya, mai huɗu ya biya na huɗu. Sai ga wani malamin makaranta daga garin Bristol, George Pocock, ya ɓullo da keken da babu doki ko ɗaya a gabansa. Abin da ke jan keken yana can sama, wato manyan lemomi na ƙyalle, irin abin nan da yara kan haɗa da takarda ko leda su ɗaura wa zare iska ta ɗaga, sai dai nasa sun fi tsawon mutum nesa ba kusa ba. Dokar hanya ba ta ce komai ba game da iska, saboda haka yakan wuce bai biya ko anini ba.

Pocock ya yi wa ƙirƙirarsa rajista a 1826, ya raɗa mata suna Charvolant, a 1827 kuma ya fitar da littafi yana bayanin yadda take aiki. In iska ta yi kyau, keken kan yi gudun da ya kai kilomita 32 a sa'a, abin da ya fi ƙarfin keken doki na zamanin. Da igiyoyi huɗu yake sarrafa lemomin, ya karkata su dama ko hagu, ya ƙara musu ƙarfi ko ya rage. Igiya huɗu ita ce yawancin 'yan wasan zamiyar ruwa da lema ke riƙe da ita a yau.

Wanda ya ga hoton saurayi ko budurwa a tsaye kan allo, lema mai launi na jan su a kan teku, suna tashi sama suna juyi suna sauka, zai ɗauka babban abin da aka cim ma shi ne samun iska ta ja mutum. Wannan kuwa bai taɓa zama abin wuya ba. Duk yaron da ya taɓa riƙe zani ranar iska ya san tana ja. Abin da ya ci wa mutane shekara fiye da 170 bayan Pocock shi ne yadda lema za ta faɗa ruwa ta sake tashi, da yadda mutum zai koma inda ya taso maimakon inda iska ta ga dama, sannan mafi tsadar su duka, yadda zai raba kansa da ƙarfin lemar a daidai lokacin da ya fi ƙarfinsa. Tarihin wannan wasa tarihin waɗannan matsaloli ne, kuma ta ƙarshen sai da aka biya ta da rayuka.

Keken Pocock bai yi tsawon rai ba. Jirgin ƙasa ya iso, shi kuwa ba ya jiran iska, sai aka mance da lema. Wanda ya sake gwada ta da gaske shi ne Samuel Cody, Ba'amurke mai wasan nuna bajinta da ya zauna a Ingila. A watan Nuwamba na 1903 ya tsallake mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila, daga Calais zuwa Dover, a ɗan ƙaramin kwalekwale na tamfol, lema na jan sa. Amma hankalin Cody yana sama ne, ba a ruwa ba. A 1908 shi ne ya fara tashi da jirgin sama mai inji a Birtaniya, a 1913 kuma haɗarin jirgi ya yi ajalinsa. Daga nan aka yi shiru na kusan shekara 60.

Shirun ba na rashin dabara ba ne, na rashin kayan aiki ne. Lemar auduga da gora in ta jiƙe ta yi nauyi, igiyar rama kuma tana miƙewa, ta yadda in ka ja ta nan sai an jima kafin lemar ta ji. Sai da masana'antu suka samar da yadin nailan da foliyesta marasa nauyi waɗanda ba sa shan ruwa, sannan igiyoyin Kevlar, daga baya kuma Dyneema da Spectra, waɗanda kaurinsu bai wuce na tsinken ashana ba amma guda ɗaya tana ɗaukar nauyin ƙarti da yawa ba ta miƙe ba. A 1964 Domina Jalbert, haifaffen Kanada mazaunin Florida, ya ƙirƙiro lema marar ƙashi ko ɗaya: yadi biyu, sama da ƙasa, an raba tsakaninsu gida-gida, bakin gaba a buɗe, iska ce ke shiga ta cika ta har ta ɗauki siffar fiffike. Masu dirowa daga jirgin sama suka fara cin moriyarta. A shekarun 1970 kuma Peter Powell na Ingila ya yaɗa lemar wasa mai igiya biyu, wadda kowa zai iya tuƙa ta a sama.

Da kaya suka samu, masu gwaji suka fito ta ko'ina. A watan Oktoba na 1977 wani ɗan Holan, Gijsbertus Panhuise, ya sami takardar mallakar fasaha a kan ainihin abin da ake yi yau: mutum a tsaye kan allo, lema ɗaure a ɗamararsa tana jan sa. Babu kamfanin da ya waiwaye shi. A Jamus Dieter Strasilla yana ta gwada lema da takalman zamiyar ƙanƙara a kan duwatsu. A Ingila wasu suka jera lemomin Flexifoil bisa juna suka ɗaura wa wani jirgi mai gangar jiki biyu da suka kira Jacob's Ladder, ya kafa tarihin gudu a ajinsa a 1982. Duk waɗannan suna da cikas guda a kan ruwa. Lemar Jalbert da 'yan uwanta, in suka taɓa teku, ruwa ke shiga inda iska take. Mai ita sai ya naɗe jiƙaƙƙen yadi da igiyoyi ya yi iyo zuwa gaɓa, in gaɓar na kusa.

Wasu 'yan uwa biyu daga yankin Bretagne na gaɓar Atlantika a Faransa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka warware wannan. Matuƙan jirgin ruwa ne tun suna yara, saboda haka tunaninsu daga ruwa ya faro, ba daga sama ba. Tambayarsu ita ce: wace irin lema ce ba ta nutsewa? Amsar da suka samu tana da sauƙin faɗa. Suka sa doguwar roba a bakin gaban lemar, wadda ake hura wa iska da famfo kafin a shiga ruwa, da wasu gajeru a gicciye suna riƙe da yadin. Robar ta zama ita ce ƙashin lemar, ita ce kuma abin da ke sa ta yawo a saman ruwa. Suka lanƙwasa ta kamar baka, ta yadda in ta faɗi ba ta kwanciya shimfiɗe. Gefe ɗaya na nan tsaye yana kama iska, mai ita ya ja igiya ɗaya, ta gangara gefe, ta miƙe ta tashi. Sun shigar da takardar neman mallakar wannan fasaha a watan Nuwamba na 1984, a shekarar da ta biyo baya kuma suka nuna ta a taron gwajin gudu na Brest, suna zamiya a kan takalman ruwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren labarin da ya fi taɓa ni. Shekara goma cur suna yawo da abin nan a hannu, babu mai so. Lokacin kasuwar allo mai filafili ce ke ci, wato allon da ake kafa wa sanda da ƙyalle a tsakiya mutum ya riƙe da hannu. Kamfanonin da ke sayar da shi suna samun kuɗi, ba su ga dalilin da zai sa su tallafa wa abin da zai iya zame musu kishiya ba. 'Yan uwan suka ci gaba da ɗinka lemomi da kansu, suna gyara, suna sayar da 'yan kaɗan. Sai a 1997 lemarsu ta shiga kasuwa sosai da sunan Wipika, shekara 13 bayan rajista. Takardar mallakar fasaha shekara 20 take yi, ke nan fiye da rabin wa'adinta ya ƙare kafin ta fara kawo musu abin kirki. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba kowa ke iya zama bakin murhu har tsawon haka ba.

A can Amurka wasu uba da ɗa suna bin wata hanyar daban. Bill Roeseler injiniya ne a kamfanin Boeing, masanin yadda iska ke bi ta jikin fiffike, ɗansa Cory kuma gwanin zamiyar ruwa. A kogin Columbia, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun jihohin Oregon da Washington, suka haɗa abin da suka kira KiteSki, ya shiga kasuwa a 1994. Lemarsu mai ƙashi ce, sandar riƙonta kuma tana da abin naɗe igiya, in lema ta faɗi sai ka naɗo ta kusa, ka ɗaga ta da hannu, ka sake sakin igiya. Dabara ce mai aiki, kuma Cory ya riga kusan kowa iya tafiya yana fuskantar iska, amma kayan suna da nauyi da wuyar sha'ani. A Niyuzilan kuma Peter Lynn ya fito da ɗan keke mai ƙafa uku da lema ke ja a kan rairayi a 1990, wanda ya koya wa dubban mutane sarrafa babbar lema tun kafin su kai ta ruwa.

Inda abubuwan nan suka haɗu shi ne tsibirin Maui na Hawai. A 1996 Laird Hamilton, wanda duniya ta sani da hawan manyan raƙuman teku, da Manu Bertin ɗan Faransa suka fara fita da lema a kan allon hawan raƙuman ruwa. Maui ita ce matattarar gwanayen allo mai filafili da masu ɗaukar hotonsu, saboda haka abin da aka yi a can, wata guda ya isa mujallun Turai su buga shi. A 1997 Raphaël Salles na kamfanin F-One a Faransa ya fara ƙera allon da aka yi musamman domin lema. A watan Satumba na 1998 aka yi gasa ta farko a Maui, Flash Austin ya lashe. Robby Naish, wanda ya fi kowa suna a allo mai filafili, ya karɓi lasisi daga 'yan Legaignoux ya fara ƙera lema, Pete Cabrinha ma ya kafa nasa kamfanin a 2000. Waɗanda suka ƙi buɗe ƙofa a da, su ne yanzu ke layi.

Matsalar komawa gida ba wata ƙirƙira guda ce ta warware ta ba, a hankali ta warwaru. Na farkon sukan bi iska ne kawai har inda ta kai su, sannan su fito su naɗe kaya su dawo da ƙafa ta bakin rairayi. Daga baya aka gane cewa in mutum ya jingina baya, ya danna gefen allo cikin ruwa da dugadugansa, allon yana ƙin bin lemar kai tsaye, sai ya yanka a karkace. Ka yi haka zuwa dama, ka juyo ka yi zuwa hagu, kana ci gaba kaɗan-kaɗan ta inda iskar ke fitowa. Wajen shekarar 2000 aka aro allo mai kai biyu daga masu zamiya a bayan kwalekwalen inji, wanda gabansa da bayansa duk ɗaya ne, ba sai ka sauya ƙafa ba in za ka juya. Wannan ya rage wa mai koyo makonni na wahala.

Saura matsala ta uku, ta raba kai da ƙarfin lema. Kafin a gane girmanta sai an san abin da ya bambanta lema da filafilin jirgi. Filafili yana kafe a jikin jirgi, iskar da ta same shi ita ce rabonsa. Lema kuwa tana ƙarshen igiya mai tsawon mita 20 zuwa 24, tana da filin gudu nata na kanta. In aka karkata ta ta sheƙo daga sama zuwa ƙasa a gaban mai ita, gudunta kan ninka na iskar da ke kaɗawa. Ƙarfin ja kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu: gudu ya ninka biyu, ja ya ninka huɗu, ya ninka uku, ja ya ninka tara. Wannan ne ke sa lema mai faɗin murabba'in mita 9 ko 12 ta ɗauki ƙato a iskar da ba ta kai ta kawo ba. Shi ne kuma ke sa kuskuren hannu ɗaya, ko bugawar iska ta bazata, ya zama bala'i. Kuma lema ba gefe kaɗai take ja ba, har da sama.

Lemomin farko igiya biyu gare su, dama da hagu, ba su da hanyar rage ƙarfi. Da aka koma igiya huɗu, biyu na gaba suka ɗauki nauyi suna maƙale a ɗamarar ƙugu, biyu na baya suna gefen sandar riƙo, in ka tura sanda gaba ƙarfi ya ragu. Amma raguwar kaɗan ce. Mafi muni, ƙugiyar da ta haɗa mutum da lema ba ta fita sai ya jawo sanda ya sassauta ta, abin da ba ya yiwuwa ga wanda ake ja da ciki a kan rairayi. Yawancin munanan haɗurran shekarun nan ba a tsakiyar teku suka faru ba. A bakin gaɓa suka faru, lokacin tayar da lema ko saukar da ita, inda akwai duwatsu, bango, motoci da itatuwa. Iska ta ɗaga mutum ta maka shi da abu mai tauri. Garuruwa da dama suka fara hana wasan a bakin tekunsu, kuma ban ga laifinsu ba, domin igiya siririya da ke ɗauke da irin wannan nauyi tana yanka wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

A watan Yuni na 2002, a wata gasa a Zingst da ke gaɓar tekun Baltik a Jamus, lemar wani ɗan wasa ta sarƙe da ta Silke Gorldt, ɗaya daga cikin fitattun matan wasan a lokacin. Lema biyu suka ja ta har ta bugi turakun da aka kafa domin kare gaɓa, ta rasu. Ba mai koyo ba ce, ba kuma ganganci ta yi ba. Gwana ce da kayan da ba su ba ta hanyar kuɓuta ba. Rasuwarta ta hana kamfanoni ci gaba da cewa laifin masu wasa ne. Cikin 'yan shekaru kowace sanda ta zo da makullin gaggawa, wanda turawa ɗaya da hannu ke buɗe shi ko da nauyi na kansa, lema ta saki duk igiyoyinta sai guda, ta faɗo ba ƙarfi. Faransa ta kafa ƙa'idar gwajin wannan makulli a 2005, hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar da tata a 2020. Shekara 18 tsakanin mutuwar Gorldt da ƙa'idar duniya ya yi yawa.

A 2005 ne kuma Bruno Legaignoux, wanda a lokacin ya koma Jamhuriyar Dominikan da zama, ya sake sauya wasan. Sabuwar lemar da ya fito da ita ta fi ta da shimfiɗuwa, kuma an ɗaura igiyoyin gaba ta wasu ƙananan rassa da ke riƙe bakin lemar a wurare da yawa. Amfanin haka shi ne lemar tana iya kwantar da kanta sosai ta bar iska ta wuce. Ka saki sanda kawai, kusan duk ƙarfin ya tafi. Kamfanonin Cabrinha da Takoon suka fara sayar da irinta, cikin shekara biyu zuwa uku kusan kowane kamfani ya bi sahu. A nan ne aka sa wa dokin linzami. Abin da ɗan Adam kan yi in ya tsorata shi ne ya saki abin da ke hannunsa, a karon farko kuma sakin ya zama shi ne daidai. A ganina wannan shekara, ba 1984 ko 1998 ba, ita ce ranar haihuwar wasan da mutum mai iyali zai iya shiga da kwanciyar hankali.

Makarantu ma sun taka rawa. An kafa ƙungiyar IKO a 2001 a Cabarete ta Jamhuriyar Dominikan domin tsara yadda ake koyarwa da ba malamai shaida. Mai koyo yakan fara da ƙaramar lema a kan tudu, sannan ya shiga ruwa ba allo lema na jan jikinsa, sai ya iya kuɓutar da kansa kafin a miƙa masa allo. Da yake ɗamara ce ke ɗaukar nauyi ba damtse ba, wasan bai zama na ƙarfafa kaɗai ba. Gisela Pulido ta Sifen tana da shekara 10 ta zama zakarar duniya a 2004, ta kuma tara kambu goma. Aaron Hadlow na Ingila ya riƙe na maza shekara biyar a jere, daga 2004 zuwa 2008, yana matashi.

Daga nan taswirar wasan ta bi taswirar iska. Tarifa a kudancin Sifen, Cumbuco a arewa maso gabashin Birazil, Cabarete. Afirka ta sami kaso mai tsoka: Essaouira a Maroko, Dakhla a yankin Yammacin Sahara da Maroko ke riƙe da shi, El Gouna a Bahar Maliya ta Masar, Paje a Zanzibar inda ake bin iskokin Kaskazi da Kusi, Le Morne a tsibirin Moris, da Cape Town. Iskar arewa maso gabas da ke kawo mana hunturu, ta busar da leɓe ta rufe gari da hazo, 'yar gidan su ɗaya ce da wadda ke kaɗawa a tsibirin Sal na Cape Verde a watannin nan, har ƙurar Sahara takan kai can. Lokacin da muke neman bargo da man shafawa, su lokacin kasuwarsu ke nan. Kuma 'yan Sal ba su tsaya kallon baƙi ba. Mitu Monteiro ya zama zakaran duniya a hawan raƙuman ruwa da lema a 2008, Airton Cozzolino, wanda shi ma a can aka haife shi, ya ci kambun duniya sau da dama a kan allo marar maɗaurin ƙafa.

Sai dai irin su Monteiro ba su da yawa, kuma dalilin a fili yake. Sababbin kaya cikakku, lema da sanda da allo da ɗamara, kan kai dala 2,000 ko fiye, mai wasa da gaske kuma yana bukatar lema biyu ko uku saboda bambancin ƙarfin iska. Rana da gishiri suna cin yadin cikin 'yan shekaru. A yawancin gaɓoɓin Afirka da na ambata, ɗan gari yakan shiga wasan ne ta ƙofar aiki: ya hura lema, ya taya baƙo tayar da ita, ya tuƙa kwalekwalen ceto, wata rana wani ya bar masa tsohuwar lema. Iskar garinsu ce, amma ribar mafi yawa tana komawa inda aka ƙera kayan da inda masu makarantun suka fito. Deury Corniel, ɗan Cabarete da ya ci zinare a gasar Olamfik ta matasa a Buenos Aires a 2018, ya nuna abin da yaran irin waɗannan garuruwa za su iya in kaya suka shiga hannunsu da wuri.

Namibiya ce ta ba wasan darajar da masu jiragen ruwa suka daɗe suna hana shi. Shekaru da dama ana neman wanda zai fara kai gudun da matuƙa ke kira not 50, kimanin kilomita 93 a sa'a, da ƙarfin iska kaɗai a kan tazarar mita 500. An kashe maƙudan kuɗi a kan manyan jirage domin haka. A watan Oktoba na 2008 a Lüderitz, Sébastien Cattelan na Faransa ya haye shi da allo da lema, kayan da za su shiga bayan mota, washegari kuma Alexandre Caizergues ya ɗara shi. A 2010 Rob Douglas na Amurka ya kai not 55.65, fiye da kilomita 103 a sa'a, a wata siririyar magudana da aka haƙa a bakin gaɓar domin ruwa ya kwanta. Jirgi ya ƙwace kambun a 2012, lokacin da Paul Larsen ya kai not 65.45 da Vestas Sailrocket 2 a Walvis Bay, ita ma a Namibiya. Caizergues ya ɗaga na lema zuwa 57.97 a Faransa a 2017.

Wasu kuma sama suka nufa. Gasar King of the Air, wadda ta faro a Maui, ta koma Cape Town a 2013, inda iskar kudu maso gabas ke bugawa da ƙarfi a lokacin zafinsu. Yanzu ana tsalle fiye da mita 30, ana kuma juya lema ta zagaya ƙasa da mai ita yana can sama. Abin kallo ne, ba na musu. Amma ina jin tsoron yadda bidiyon irin wannan ke kiran yaran da ba su kai ba su fita a iskar da ya kamata su zauna gida. Makullin gaggawa ba ya amfanar wanda ya riga ya yi nisan bene goma daga ruwa.

Shiga Olamfik ta zo da tuntuɓe. A watan Mayu na 2012 majalisar hukumar wasannin jiragen ruwa ta duniya ta kaɗa ƙuri'a, 19 da 17, cewa lema ta maye gurbin allo mai filafili a gasar Rio ta 2016. Ƙasashen da suka zuba kuɗi a tsohon wasan suka tayar da ƙura, a watan Nuwamba babban taron hukumar ya soke hukuncin. Jinkirin ya zama alheri, domin a shekarun da suka biyo baya tseren ya sauya kama gaba ɗaya. Aka sa wa allo doguwar ƙafa a ƙasa mai ɗauke da fiffike a cikin ruwa. Da an fara gudu fiffiken ke ɗaga allon sama da ruwa kusan mita guda, jan ruwa ya ragu ƙwarai, mutum ya yi gudun da ya ninka na iska. Masu tsere suka ajiye lemar roba suka koma ga jikokin lemar Jalbert, dogaye sirara, waɗanda yanzu aka yi wa bakin da ke riƙe iska ya hana ruwa shiga na ɗan lokaci.

Da wannan siffa, mai suna Formula Kite, wasan ya shiga Olamfik ta Paris a 2024, aka yi tseren a tekun Marseille. 'Yan wasan sanye da hular kwano da rigar kariya, sukan haura kilomita 60 a sa'a. Iska ta yi rowa a makon, aka soke tsere da dama, wasan ƙarshe na maza ma sai da ya kwana. Ellie Aldridge ta Birtaniya ta ci zinaren mata, Lauriane Nolot ta Faransa ta bi ta, sai Annelous Lammerts ta Holan. A maza Valentin Bontus ya kai zinare Ostiriya, ƙasar da ba ta da teku ko taku ɗaya, Toni Vodišek na Sulobeniya ya zo na biyu, Maximilian Maeder na Singafo, mai shekara 17 kuma zakaran duniya a lokacin, ya sami tagulla ranar 9 ga Agusta, ranar bikin 'yancin ƙasarsa.

Yanzu lema ita ma ta sami kishiya. Tun wajen 2019 wani sabon abu ya bazu: fiffike mai robar hurawa irin ta 'yan Legaignoux, amma ba igiya, a hannu ake riƙe shi a kan allo mai fiffiken ƙarƙashin ruwa. Ba ya bukatar fili mai faɗi na shimfiɗa igiyar mita 24, ba ya bukatar mai taya tayarwa, ana iya yin sa a ƙaramin tafki ko gaɓa mai cunkoso inda aka hana lema. Wannan karon kamfanonin ba su jira shekara goma ba. F-One, Naish, Cabrinha da Duotone duk suna cikin waɗanda suka fara sayar da shi, makarantun lema da yawa kuma sun ƙara shi a cikin abin da suke koyarwa. Formula Kite dai tana nan cikin jerin wasannin Olamfik ta Los Angeles a 2028, maza da mata.